Waken Hayatu

Saudatu ta tumɓuke wake guda har saiwarsa. Ganyen ya kanannaɗe, ya yi dabbare-dabbaren rawaya. Kunya bayan kunya, duk haka suke. Ta ƙara tamke ɗankwali, ta nufi ɗakin ragar nan na bakin hanyar Ɗansoshiya, inda masu bincike suke shuka.

Wannan fa ba waken kowa ba ne. Irin marigayi Hayatu ne, mijinta, wanda take adanawa cikin toka a tulu, ba ta taɓa gauraya shi da na kasuwa ba. Sai wanda ta ga dama take sammawa: Labaran, Gwaggo Husna, gidan liman. Bana gonakinsu duka sun kamu. Kowa kuwa ya san abin da ake kiwo a ɗakin raga. Cuta ake kiwo.

Ta wuce gonar Rufa'i da ke jingine da ragar, kore shar. Rufa'in da ya roƙe ta iri ta hana shi. Sai ranta ya ƙara ɓaci.

Dakta Zayyad, mai binciken cutar wake, ya fito yana gaishe ta. Ta harare shi. Ai ta san shi. Bara ya zo ƙofar gidanta neman mudu ɗaya na iri, ta ja cinikin sai da gumi ya jiƙa masa riga.

Ta wurga masa waken a ƙafa.

"Ka kiwata cuta kamar kaji, ka sako mana ita. Marayu gare ni."

"Inna, shigo ki gani da idonki."

Ya kai ta wani ɗaki mai duhu. Ya ce sun ɗaura wa tasu ƙwayar cutar alama, kamar yadda ake ɗaura wa akuya ƙyalle a wuya, don su ga inda take bi cikin ganye da aikin kowane sashe nata. Ya haska shuɗiyar fitila a kan shukarsu. Jijiyoyin ganyen suka kama walƙiya, kore shar. Ya ce alamar ke nan.

Ya haska nata. Babu komai.

Ta fizge fitilar, ta juya ganyen gaba da baya, ta haska har saiwa. Babu.

"To, ƙyallen ya kwance a hanya."

"Inna, tamu ba ta taɓa fita ragar nan ba."

"Kai kuma gidan uban wa ka samo ta? Faɗi sunansa. Wanda ya kawo ta garin nan, yau sai na tara masa jama'a, ya bar noma a ƙasar Kiru."

Dakta ya kashe fitilar.

"A cikin ƙwayar iri take kwanciya, Inna, ta jira damina. Tamu, daga mudun da kika auna mini bara muka ciro ta."