Muryar Tanimu

Tunda na'urori suka iya kwaikwayon muryar kowa, har ta mamaci, Malam Sallau ya daina yarda da waya. Kullum bayan magariba yakan hau soro da tsohuwar rediyonsa, yana laluben wata tasha mai nisa inda ƙaninsa Tanimu ke karanta gaisuwa.

Yau ya murɗa ya murɗa, ya juya ta gabas da yamma, shuuu kawai take yi. Can sai ga muryar.

"Ka ji ɗan nema, garau kamar sabon ango!" in ji matarsa Kulu.

Sallau ya manna kunne har aka gama shirin.

"Kulu, Tanimu bai taɓa karanta suna uku bai yi tari ba. Miƙo min takalmina, tashar mota za ni, sai na gan shi da idona."