Bakan Gogen Pak Sutarmin

Pak Sutarmin ya kama shi dumu-dumu. Shigarsa ciki ɗauko shayi ke nan, ya dawo baranda ya tarar da Gunadi tsugune gaban akwatin gogensa, yatsunsa na ƙyalli da man soyayyar ayaba, yana shafa izgar bakan daga sama har ƙasa.

"Mas Gunadi, me ka ajiye a akwatina?"

"Ƙura na gani, Pak, nake kaɗe maka."

Wai ƙura. Ko wanda ya fara koyon goge jiya ya san ba a taɓa izga da hannu, balle hannun da ya fito daga faranti. Da zarar maiƙo ya hau ta, ƙaro ba zai kama ba, sai bakan ya riƙa sulɓewa a kan tsirkiya, sauti ya ƙi fita. Ga shi gobe ne gasar kiɗan gargajiya na keroncong ta unguwannin birnin Solo, kuma Pak Sutarmin ya riga ya share wa kofin wuri a saman kabad ɗin falonsa.

Shi ne mai goge na biyu a ƙungiyar, Gunadi na ɗaya, abin da yake ɗauka a matsayin kuskuren da tarihi zai gyara. A barandarsa ake atisaye, shi ya ɗinka wa kowa rigar batik mai zanen rini, saboda haka ba mai iya ce masa ci kanka. Kunnensa ya yi nauyi tun kafin ya yi ritaya, amma a wurinsa mutanen yanzu ne suke magana ƙasa-ƙasa. Ba ya taɓa goge shi kaɗai a gida, wai wannan aikin 'yan koyo ne.

A da can, in an fara atisaye, maƙwabta rufe taga suke yi. Daga baya suka daina, har suna fitowa da kujeru. "Hannunka ya yi laushi, Pak," in ji su, shi kuwa ya gyaɗa kai kamar wanda aka biya shi haƙƙinsa. Yakan ce bakansa tafiya yake kamar a kan siliki, ba irin na Gunadi mai cije tsirkiya ba.

Matarsa, Bu Warsini, ita ke gyara masa bakan. Duk ranar atisaye ko wasa sai ta shige kicin da shi, ta fito da shi yana sheƙi. Yana ganin gata ya yi mata da ya bar ta tana taɓa kayan gwani. To, 'yarsu ta haihu a garin Semarang, Bu Warsini ta tafi. Tun ranar, shugaban ƙungiya Pak Ngadiman bai da zance sai "Yaushe Bu za ta dawo?" Pak Sutarmin ya ce a ransa, dattijo guda amma kwaɗayin soyayyar ayabar Bu ya hana shi sakat.

Da 'yan ƙungiya suka watse, ya zauna da bakan. Ya kwance kusar, ya saki izgar, ya samo sipirit da tsohon buroshin haƙori, ya shiga tsefe ta. Wani rawayan maiƙo ya yi ta fitowa yana ƙamshin kwakwa, wanda ya fi ƙarfin shafa ɗaya. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ashe munafukin ya daɗe yana yi masa zagon ƙasa, amma duk da haka ana yabon kiɗansa. Ina ga in izga ta yi tsabta?

Ya wanke, ya sake wankewa, ya shanya ta a inuwa. Da ta bushe ya ɗaure, ya dinga goga mata ƙaro har farar ƙura ta rufe masa gwiwa.

Washegari a bakin zauren gasa, Pak Ngadiman ya tarye shi da ƙunshin soyayyen tempe na waken suya a hannu, duk maiƙo.

"Kawo akwatin in riƙe maka, Pak, ka huta."

"Ci abincinka, Pak Ngadiman. Yau ba mai taɓa min baka."

Fuskar shugaban ta yi kamar ta wanda aka aiko wa saƙon rasuwa. Ya dubi Gunadi, Gunadi ya dubi ƙasa.

Aka kira su. Sarewa ta buɗe, ƙananan gitoci suka ɗauka, mawaƙiya ta ja numfashi. Pak Sutarmin ya ɗora baka. Ya ji yana kama tsirkiya da wani nauyi da ya manta irinsa, sai ya ƙara dannawa, ya lumshe ido.

Mawaƙiya ta ɓata baiti. Wani jariri ya tsala ihu a layin gaba. Alƙalin gasa ya ajiye alƙalaminsa ya dafe goshi, wata tsohuwa ta tura gefen gyalenta cikin kunne. Da Pak Sutarmin ya buɗe ido ya ga fuskoki a yamutse, sai tausayinsu ya kama shi. Kiɗa ya ratsa bayin Allah.

Su suka zo na ƙarshe. Tun daga zauren har gida yana zazzaga wa Gunadi masifa, wai hassada ta sa ya ɓata wasan don kada a ji gwanintar wani.

Ranar atisaye na gaba Bu Warsini ta dawo. Tun a bakin layi mai sayar da tsiren sate ya ba ta labari, yana roƙonta kada ta sake yin nisa. Ta shiga gida ta tarar da mijinta zaune yana hararar saman kabad.

"Ba ni bakan nan, Pak, in duba maka shi."

Ya miƙa mata ba tare da ya waiwayo ba. Ta shige kicin, ta tura ƙofa, ta sauko da kwalbar man kwakwa, ta tsoma tsumma, ta shafe izgar tsaf, kamar yadda take yi tun shekarar da maƙwabta suka daina rufe taga.