Ƙarfen da Bai Lotsa Ba

Ustad Niyaz Gul, gwanin ƙera jikin mota, yana shafa gaban wata mota da tafin hannu, ido a rufe, sai ga wani baƙo, Malik Sarfaraz, ya faɗo garejinsa.

"Ustad, takanas na zo Peshawar! A waya na ga hoton motar nan, an ce ta daki bangon gada da gudu. Dubi, fenti kawai ya goge! Irinta za ka ƙera wa ɗana."

Niyaz bai buɗe ido ba. Da guduma ya ƙera jikin motar, falle bayan falle, don ɗansa Tufail. Tufail ya sha yi masa tsiya: "Baba, mota kake yi mini ko tankar yaƙi?" Shi kuwa ya yi ta ƙara kaurin ƙarfen, wai kada komai ya taɓa ɗansa.

"Malik Sahib, ranka ya daɗe, saya masa ta kamfani, mai jikin gwangwani."

"Haba, rowa za ka yi mini? Wadda ke murƙushewa kamar takarda?"

"Ita fa," in ji Niyaz. "Likita ya ce dole wani abu ya shanye dukan. In ƙarfe ya ƙi, sai na ciki ya shanye."

Malik ya dubi kujerar direba.

Niyaz ya ci gaba da shafawa. Tun ranar jana'izar Tufail yake neman wuri ɗaya tak da ƙarfen ya lotsa saboda ɗansa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, bai samu ba.