Wane ne J. Hamani?

Sau uku Mushe Abdulbaƙi ya karanta shafi na goma sha huɗu kafin ya wurgar da mujallar bisa tabarma. An sake yi masa gyara.

Shekara talatin ya yi yana koyar da tarihi a Malanville, inda ake ce wa malamin makaranta Mushe, wato Malam da Faransanci, kafin ya ajiye aiki. Shekara shida ke nan yana rubuta wa Sawun Jiya, wata ƙaramar mujallar tarihi da ake bugawa a Parakou da Hausa da Faransanci. A shekara huɗun farko babu wanda ya taɓa ce masa uffan. Sai ga wani J. Hamani.

Abdulbaƙi ya rubuta cewa kafin a gina gada a kan kogin garin, a wuri ɗaya masu fito ke ɗaure jiragensu. J. Hamani ya lissafo wurare uku, da sunan gidan da ke riƙe da kowanne. Abdulbaƙi ya dogara da rahoton wani Bature na zamanin mulkin mallaka. J. Hamani ya kawo wata tsohuwar waƙar daka da ta ƙaryata rahoton baiti bayan baiti. Ba zagi, ba gadara. Kullum da "ina neman afuwar Mushe" yake farawa, ladabin nan kuwa ya fi zagi ciwo.

Abin da ya fi ci masa rai, gyaran ba ya jiran fitowa ta gaba. Tare suke bayyana, nasa a dama, na mutumin a hagu.

Ya fara zargin Adnan, mai shagon buga takardu a bakin kasuwa. Tun da ciwon gwiwa ya matsa masa, maiɗakinsa, Innar Nazifa, ke biyawa da rubutun can in za ta rumfarta ta albasa. Ran nan ya ɗingisa ya je da kansa.

"Wa kake nuna ma takarduna?"

"Wallahi ba kowa, Mushe," in ji Adnan, idonsa na kan na'ura. "Abin da aka kawo mini, shi nika bugawa."

Ya ce a sauya shago. Aka sauya. Fitowa ta gaba, ga J. Hamani a hagu.

Da damina ta kama, Abdulwasi'u, editan mujallar, ya kira shi.

"Mushe, fitowar cika shekara goma za ta ɗauki tarihin kowane marubuci: haihuwa, karatu, sana'a, da hoto. Kuma za mu buɗe shafin dindindin kan kwarin kogi. Mutum guda za mu ba, ko kai ko shi."

"Shi ɗin mi ya karanta? Wace jami'a?"

"Ban taɓa ganin shi ba. Ta waya rubutun ke zuwa. Amma na gaya mai, ba hoto, ba shafi."

Abdulbaƙi ya zauna ya cika shafi huɗu da tarihin kansa, har da sunayen ɗalibansa da suka zama manya. Aka ce ya rage zuwa layi goma. Ya rage yana tsaki. Ya kuma ƙudura sai ya gano mutumin kafin a yanke hukunci, don ya tabbata ba shi da ko takardar shaida guda.

Masu suna Hamani a yankin sun fi ɗari. Ya sami wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, mai suna Jafaru Hamani, wanda ya ce rabonsa da karanta wani abu tun da ya bar aiki. Ya hau kabu-kabu cikin laka har Madécali wajen Jibo Hamani, ya tarar da mai allurar shanu da bai taɓa jin sunan mujallar ba. Daga can ya wuce Garou, inda yawancin labaran mutumin suka fito, ya zauna da dattawa a ƙarƙashin wata tsamiya.

"Wa ke zuwa nan da littahi yana tambayarku labarin da?"

Suka dubi juna. "Kai ne na hwarko, Mushe. Masu zuwa nan, in ba masu sayen albasa ba, to ɗiyanmu ne in ana suna ko biki."

Ya dawo da la'asar, gwiwa a kumbure, wando duk taɓo. Innar Nazifa ta kawo ruwan zafi ta durƙusa tana gasa masa.

"Malam," ta ce a hankali, "in gyaran wanga mutum gaskiya ne, mi zai hana ka karɓa?"

"Ke ki ji da albasarki. Wannan zancen masu ilimi ne."

Ta matse tsumman, ta ci gaba da gashi.

Bayan sati biyar direban motar Parakou ya aiko da mujallar da hantsi, gidan ba kowa sai shi. Bai wuce shafin farko ba ya ga sanarwar: an ba J. Hamani shafin kwarin kogi. Ya ture shayinsa gefe. Sannan ya buɗe tarihin marubuta.

Ga nasa, layi goma cif. A ƙasa ga na abokin hamayyar, layi uku kacal. Haihuwa: Garou, gidan masu fito. Karatu: aji biyar, sai shekara ashirin na sauraron tsofaffi. Sana'a: kasuwanci.

"Aji biyar!" ya ce da ƙarfi, ya yi wata dariya mai ɗaci. Ya gyara tabarau, ya juya shafin don ya ga fuskar wanda ya raba shi da kwanciyar hankali shekara biyu.

A hoton, zaune tsakanin buhunan albasa, Jannatu Hamani ce, Innar Nazifa, matar da ya aura shekara ashirin da takwas da suka wuce.