Garin Mangwaron Mutumin Nan

Iya Larai ta danna mangwaron da babban yatsa, ta shinshina gindinsa, ta jefa shi kwandon shara. Na bakwai ke nan a jere.

"Mama, wannan ai yana da kyau," in ji Christina, mai kula da injin busarwa.

"A ido ba. Da magani aka nuka shi. Ke 'yar nan da takarda kike gani, ni da hanci."

Shekara huɗu ke nan tana zaɓen mangwaro a wannan ƙaramin kamfani da ke Idu. Kullum daga Karu take shigo motar haya. Sau biyu aka aika mata direba, sau biyu ta kore shi, ta ce ƙafarta ba ta mutu ba.

Ba ta taɓa zaman aji ba, amma aikin ya zauna mata a ka. A fere, a cire ƙwallo, a markaɗa, a shimfiɗa a tire ba kauri, a daskarar. Sannan injin ya zuƙe ruwan cikin sanyi, kwana ɗaya da yini, har ya bushe ƙarau, a niƙa. Zafi ne abokin gaba. Christina ta ce zafi yana kashe bitamin. Iya ta ce wannan ba labari ba ne, duk macen da ta san kanta a inuwa take shanya kuka.

Mai kamfanin kuwa kowa Oga yake ce masa, ban da ita. Ita "mutumin nan" take cewa. In ya shigo ya rusuna ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon kwando. In ya tsaya kusa, ta ja kujerarta gaba. Ma'aikata sun sha mamakin yadda bai sallami tsohuwar ba.

Da aka kwantar da shi asibiti, ba ta je dubiya ba. Ciwon a maƙogwaro yake. Tuwo ya daina wucewa, shinkafa ta daina, har shayi dawowa yake. Abu ɗaya cikinsa ya yarda da shi: kunu tsararo da cokali biyu na garin mangwaro. Likita ya ce maganin zai ɗauki wata shida, kuma in babu abin da ke shiga ciki, jikin ba zai ɗauka ba.

Iya ta ƙirga da yatsu. Gwangwani guda a mako. Ashirin da huɗu. Ga ruwan sama ya fara sauka, mangwaro na shirin ƙarewa a kasuwa.

Sai ta kama kamfanin kamar nata. Ta hana a zuba farin sitacin da ake ƙarawa don kada garin ya dunƙule.

"Mama, in ba sitaci zai manne kamar alewa," in ji Christina.

"To a rufe shi da wuri. Cikin mutumin nan ba shi da wurin ajiye abin da ba shi da amfani."

Zubin farko suka yi jinkirin rufewa, garin ya sha damshi ya zama dutse. Iya ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba su tsoro ke nan. Washegari ta zo da buhu biyu na mangwaro daga wata bishiya a Ushafa, waɗanda suka nuna a sama. Ita ta fere su duka. Wuƙa ta yanke ta a yatsa, ta ɗaure da tsumma, ta sa safar hannu, ta ci gaba.

Direba Mato ne ke kai gwangwanin asibiti duk Litinin. In ya dawo ba ta tambayarsa jikin Oga. Abin da take cewa kawai: "An shanye na wancan makon?"

Mako na uku ya ce saura rabi. Na huɗu ya ce ba a buɗe ba. Iya ta ce a ƙara niƙa garin ya yi laushi, laifin niƙa ne.

Ranar Alhamis da hantsi suka rufe na ashirin da huɗu. Ta buɗe guda ta duba: rawaya shar, ƙamshi kamar yanzu aka tsinko. Ta mayar da murfin, ta naɗe shi a gefen mayafi, ta ce wa Christina ta raka ta. Yau da kanta za ta dama masa kunun.

A asibitin suka tarar da ƙofar ɗakinsa a buɗe, an cire robar ƙarin ruwa, an ja zane har kai. Christina ta dafa bango ta fashe da kuka. Iya ta nufi gadon, gwangwanin na hannunta.

Nas ta tare ta. "Mama, yi haƙuri, 'yan uwa kaɗai. Ke wace ce tasa?"

"Ma'aikaciya ce," in ji Christina cikin kuka. "Ko sunansa ba ta faɗa."

Iya ta ture hannun nas ɗin. Ta yaye zanen, ta zuba wa fuskarsa ido, ta daɗe tana kallo kamar mai rama abin da ya wuce ta. Bakinta ya motsa sau biyu kafin murya ta fito.

"Mika'ilu. Tashi ka sha."

A garinsu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kuma shekara hamsin da ɗaya ta riƙe wannan kunya, sai yau da ta kira shi bai amsa ba.