Ƙaya Biyu a Bayan Sarkin Majema

Dakata tukuna, malam, kafin ka ce wane ya gama amfani. A wata majema an yi wani tsoho mai zaɓen fata, shekara arba'in yana kan kujera guda. Da yanar ido ta rufe masa gani, sai sabon sarkin majema, wani ƙato mai baya kamar ƙyauren zaure, ya ce a ɗauke kujerar, wai makaho bai san fatar kirki ba. Tsoho kuwa ya san in kujerar nan ta tafi, tuwon gidansa ya bi ta. Ya dafe ta da hannu biyu ya ce, "Sai dai ku ɗauka har da ni. Amma a miƙo mini ƙayar aduwa biyu, sarki kuma ya tuɓe riga." Aka taru, don ba a kiran majema kallo sau biyu. Tsoho ya lalubi bayan nan, ya ɗora ƙayoyin tare, tsakaninsu faɗin yatsa. "Nawa ka ji, ranka ya daɗe?" Sarki ya ce ɗaya. Tsoho ya sa shi ya rufe ido, ya matso da ƙayoyin har tsakaninsu bai wuce ƙwayar dawa ba, ya taɓa masa kan yatsa. Sarki ya ce biyu, murya ƙasa-ƙasa. "Ashe duk faɗin bayan nan, ƙirga biyu ya gagare shi," in ji tsoho. Sannan ya jawo fatar akuyar da sarki ya gama yabo da safe, ya shafa sau ɗaya, ya tsaya kan wani tsohon tabon kaska da ido ashirin suka wuce. Ya danna, yatsa ya ɓulla ta can. An ce har garin akuyar ya faɗa, da gonar waken da ta saba yi wa ɓarna. Ni dai ban je ba, amma ban ƙaryata ba.

Ka ga ƙwaƙwalwa, dagaci ce mai rabon gona, kuma ba ruwanta da girman jiki, aiki take dubawa. Baya duk faɗinsa ɗan ziri ta yanka masa a tsandauri. Kan yatsa da leɓe, su ta ba fadama. Gonar ido kuwa, da mai ita ya daina zuwa, ba a bar ta ga ciyawa ba. Yatsun tsoho suka ci iyaka suka nome ta. Kujera dai ba ta motsa ba. Sarki ya mayar da rigarsa a bai-bai, ba wanda ya gaya masa sai makahon, da ya shafo ɗinkin a waje. Hausawa ba su yi ƙarya ba: ƙaramin goro ya fi babban dutse.