Goggo a Tafki na Uku

Da safen nan na saka Goggo a tafki na uku.

Aikina a bayan kamfanin jima shi ne in zuba farar ƙasa a ruwan da aka wanke fatu, in jira shuɗiyar gubar nan, kuromiyam, ta kwanta a ƙasa. Kafin a saki ruwan zuwa rafi, sai an jefa kifi ciki. In ya rayu, a buɗe ƙofar tafkin.

Sauran kifayen duk sun mutu. Wannan tarwaɗar kuwa na daɗe ina ɓoyonta a bokiti. Goggo nake ce mata, don ta iya sauraro. Wari ya hana kowa zuwa wurina, ita nake ba labari.

"Kai, aurenta za ka yi?" in ji Oga daga nesa, ya toshe hanci. "Saka ta mana!"

Na zauna har yamma ina jiran ta taso a mace. Sai ga ta tana kaɗa jela, lafiya lau. Ruwa ya gyaru!

Don murna ban tuna da tsamo ta ba. Na buɗe ƙofa, ruwa ya tafi, Goggo ta bi shi.

Na juyo da gudu in ba ta labari, sai na tarar da bokiti wayam.